Girbi, roro, cira da karya: kowane amfanin gona da irin aikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin garin Gombe na tashi, bana ne na fara noma da kaina a wata gonar gado da ke wajen Kumo. Na yi jinga da 'yan ƙwadago su girbe mini gero, suka kwantar da karan suka ce aikinsu ya ƙare, yankan kai da ɗauri kuɗinsu daban. Da na ce saura girbin gyaɗa, wani dattijo ya ce ai ba a girbin gyaɗa. Mene ne ainihin girbi? Akwai sauran gyaɗa da masara da wake da riɗi da dawa a gonar, yaya ake yi da kowanne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa wa gonar albarka. 'Yan ƙwadagon nan ba su cuce ka ba, dattijon ma daidai ya faɗa maka. Kai ka yi magana da Hausar rediyo, su kuwa suka ji ka da Hausar gona.

A rediyo da jarida da takardun malaman gona, girbi ya zama babbar kalma mai ɗauke da duk wani aikin kwaso amfani daga gona. Za ka ji ana cewa an kawo injin girbi, ko an yi asara bayan girbi, ana nufin shinkafa da masara har da tumatir. Wannan ba laifi ba ne, kunne ya saba da shi. Amma a bakin manomi girbi aiki ɗaya ne tak: a sare karan hatsi daga gindi a kwantar da shi. Hatsin kuwa shi ne gero da maiwa da dawa. Abin da ake aikin da shi ma daga nan ya samo suna, wato magirbi, mai ƙirar fartanya, wanda ake kai wa gindin kara sara da shi ya faɗi. Ana cewa ya girbi dawa, ya girbe ta, ga abin da ya girba. In kuma aka ce ya girbe gonar, to ya gama da ita ke nan, bai bar kara ko ɗaya a tsaye ba. Da ka ce su girbe maka gero, abin da ka saya ke nan, shi kuma suka yi maka.

Kada ka haɗa girbi da kaka. Kaka lokaci ce, daga janyewar ruwa zuwa shigowar hunturu, sa'ad da sabon hatsi ke cika kasuwa, farashi ya sauka a Tudun Hatsi da kasuwar Kumo. Girbi ɗaya ne daga ayyukan kaka. Haka kuma manomi ba ya auna abin da ya samu da kalmar girbi. Cewa yake bana an yi gero, ko amfani ya yi kyau, ko na ɗaure dami kaza. Masu cewa girbin kifi da girbin zuma da girbin ruwan sama kuwa, a ganinmu sun kai kalmar inda ba ta zuwa. Kifi kwashe shi ake yi daga kududdufi, zuma ɗibarta ake yi, ruwan sama kuma tara shi ake yi.

Bari mu fara da geron da ke kwance yanzu a gonarka, domin shi ne ba ya jira. Gero yakan nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, shi ya sa a ƙasar Gombe ake girbinsa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ruwa bai ɗauke ba. Kafin babban girbi akwai soshiya, wato a bi gona a ciro kawunan da suka riga sauran nuna don a sami na tuwo da na kunu, akwai kuma tumu da ake gasa wa yara. Alamar nuna ita ce ka murje zangarniya ka danna ƙwayar da farce: in ta fashe da farin ruwa kamar madara, da saura, in ta yi tauri, ga ɗan duhu a gindinta inda take maƙale, ta kai. Dalilin kwantar da karan maimakon a bar shi a tsaye guda biyu ne. Na farko, jan-baki da sauran tsuntsaye sun fi samun kan da ke tsaye. Na biyu, mafi yawan gonakinmu gero na haɗe da dawa ko wake, to faɗuwar geron ita ke buɗe wa waken rana da iska ya yi yaɗo ya yi fure.

Layin karan da aka kwantar shi ne sankace, kuma a nan ake gane wanda ya iya aiki. Karan kunya uku ko huɗu ake haɗawa a layi ɗaya, kawunan duka su dubi gefe guda, su hau bisa tudun kunya ko bisa karan da ya riga su kwanciya. Kan da ya faɗa kwarin kunya, ruwa ɗaya ya ishe shi: ƙwayar ta jiƙa, ta yi baƙi ko ta tsira, gara kuma ta hau ta daga ƙasa. Je ka duba naka yau, ka ɗaga kawuna daga wurare daban-daban ka ga ƙasansu. In ka ga jar ƙasar gara ta fara lulluɓe karan, kada ka ƙara kwana. Kwana uku zuwa mako guda ya ishi sankace in ana rana. Daga nan sai yankan kai da 'yar wuƙa, a bar ɗan guntun kara a gindin kowace zangarniya yadda ɗauri zai kama, a tara a wuri mai tudu bisa shimfiɗar kara, a bar su su ƙara shan iska, sannan a ɗaure dami. Damin da aka ɗaure da danshi daga ciki yake ruɓewa, waje lafiya lau, sai ranar sussuka a tarar da tsakiyarsa ta yi fumfuna. Ka lura kuma dami ba awo ne tsayayye ba, na wannan ƙauye ya fi na wancan girma. In da dami za ka biya masu ɗauri ko masu dako, a ɗaure guda a gabanka ku shirya a kansa tukuna.

Gero da dawa sun fi daɗewa lafiya a zangarniyarsu cikin rumbu fiye da a tsaba cikin buhu, saboda haka kada ka yi gaggawar sussuke duka in ba sayarwa za ka yi ba. Sussuka ita ce raba ƙwaya da zangarniya a turmi, ko a buga da sanda, ko a kai inji. Sheƙa ita ce fitar da ƙaiƙayi da iska. Abin da ya fito tas shi ake kira tsaba.

Gyaɗa cirarta ake yi, wasu su ce tuge ta, domin amfanin yana cikin ƙasa, ba abin da za a sare. A nan ne sabon manomi ya fi yin asara, don ba ya ganin abin da yake jira. Kada ka dogara da ganye. Akwai ciwon ɗige-ɗigen ganye da ke sa shi ya yi rawaya ya zube tun gyaɗar ba ta ƙosa ba. Abin yi shi ne ka tuge gindi biyar zuwa goma daga sassa daban-daban na gonar, ka tsinke 'ya'yan duka, ka ɓare su ka dubi cikin ɓawon. Wadda ta ƙosa cikin ɓawonta ya yi duhu-duhu, ƙwayar ta cika shi. Wadda ba ta ƙosa ba cikinsa fari ne fat mai laushi. In bakwai ko takwas cikin goma sun yi duhu, lokaci ya yi. In ka riga lokaci, ƙwayar za ta motse in ta bushe, ba nauyi ba mai. In ka wuce lokaci, igiyar da ke riƙe da kowace gyaɗa takan ruɓe, ka ja ganye ya taho, 'ya'yan su zauna a ƙasa. Iri mai saurin nuna, irin SAMNUT 24 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, wanda ke kaiwa cikin kwana 80 zuwa 90, yana da wata matsalar daban: in ya nuna ruwa na ci gaba da sauka, tsira yake yi a cikin ƙasa.

A cire ta ƙasa na da ɗan laima. In ƙasa ta bushe ta yi tauri, kada a ja da ƙarfi, a sa fartanya ko garmar shanu a ɗaga kunyar daga ƙasan 'ya'yan. Bayan cira a kakkaɓe ƙasar, a kifa gindin, ganye ƙasa 'ya'ya sama, su sha rana da iska na 'yan kwanaki. Kada a tara ta tsibi da ɗanyen ganyenta, domin tsibin zafi yake ɗauka ya yi gumi, wannan gumin kuwa shi ke kawo fumfunar da ke haifar da gubar afalatoksin, mai lalata hanta, wadda suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Sai a tsinke 'ya'yan, a baza a tamfol har sai ka girgiza hannu guda ka ji ƙwayar na kaɗawa a ciki. Duk wadda fartanya ta fasa, ko gara ta huda, ko ta yi baƙi, a ware ta, kada ta shiga buhu ɗaya da mai kyau. Abin da ya rage a ƙasa bayan an gama, mata da yara sukan bi su tono, shi ne kala. Ana kalar dawa da gero ma. Al'ada ce mai kyau a bar masu kala su shiga in mai gona ya kwashe nasa, kada ka hana.

Masara karya ta ake yi, a kama goyon a murɗe shi daga jikin kara. Mai son sayar da ɗanya ga masu gashi yana karyawa tun gemun ya bushe ƙwaya na da ruwa. Ta ajiya kuwa sai rigar goyon ta bushe ta yi fari, goyon ya fara sunkuyawa. Ka ciro ƙwaya daga tsakiyar goyo ka kankare gindinta da farce: in ka ga baƙin ɗigo, ta gama ɗaukar abinci daga uwar, zamanta a gona ba ya ƙara mata komai sai ƙwari da ɓera da ɓarayi. Amma a lokacin ruwan jikinta yana wajen kashi 30 cikin ɗari, ajiya kuwa tana son ya sauko zuwa 13. Saboda haka a ɓare rigar, a shanya goyon bisa tamfol ko daɓe, ba a tsurar ƙasa ba, kafin a kai ga bugu. In aka zuba ta a inji da danshi, farfasa ƙwayar yake yi ya bar wata a jikin totuwa, fasasshiyar ƙwaya kuwa ita ƙwaro ke fara shiga.

Wake roronsa ake yi, wato a bi gindi-gindi ana tsinke kwanson da ya bushe ana barin ɗanye. Ba ya nuna lokaci ɗaya, musamman irin namu na gida mai yaɗo, shi ya sa ake roro sau biyu ko uku, tsakaninsu kamar mako guda zuwa kwana goma. Mai jiran duka su bushe don ya biya kuɗin aiki sau ɗaya yana asara ta fuska biyu: na farkon sukan fashe su zube, ƙwaron wake kuma tun a gona yake yin ƙwai a jikin kwanso, ba a rumbu yake farawa ba. A yi roro da safe bayan raɓa ta ɗan saki, kafin rana ta yi tsanani kwanso ya riƙa fashewa a hannu. Bayan roron ƙarshe sai yankan harawa, kuma kada a yi jinkiri: a yanke ta ganyen na kore, a naɗe, a ɗora bisa rumfa ko rufin ɗaki ko reshen itace. In hunturu ya riga ka, ganyen ya kakkaɓe, igiya kawai za ka naɗe, mai kiwo kuma ganyen yake saye. Kowar wake, wato ɓawon da ya fita bayan bugu, ita ma abincin dabba ce, ana sayar da ita a buhu.

Riɗi shi ne mafi rashin haƙuri a cikinsu. Yankarsa ake yi da lauje, kuma tun bai bushe ba. Da zarar ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba, kwanson ƙasa-ƙasa ya juya launi amma bai buɗe baki ba, a sa lauje. Wanda ya jira ya ga na sama ya bushe, na ƙasa ya riga ya buɗe, taɓa karan kawai zai zubar da rabin amfanin, riɗin da ya zube a ƙasa kuwa ba mai iya tsince shi. A ɗaure shi ƙananan ɗauri, a jingina su tsaye kai sama, a jikin sandar da aka gitta, a wuri mai tsabta, in da hali bisa tamfol. Bayan mako guda zuwa biyu kwanson zai buɗe da kansa. Sai a shimfiɗa tamfol dab da wurin, a ɗauki kowane ɗauri a hankali yadda yake a tsaye, sai an kai tsakiyar tamfol a kifa shi a kakkaɓe. A mayar da shi tsaye, bayan 'yan kwanaki a sake kakkaɓewa, domin na sama ba ya buɗewa tare da na ƙasa. Masu sayen riɗi yashi da tsakuwa suka fi dubawa, da su suke karya farashi.

Sauran a taƙaice: rogo da dankali da doya da makani haƙa ko tono ake yi, auduga da kuɓewa da barkono da tumatir tsinka ko ɗiba, albasa cira. Shinkafa, irin ta fadamun Dadin Kowa, yanka ce da lauje in kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na ƙwayar sun yi launin kara, a buga ta ranar ko washegari, domin tsibin ɗanyar shinkafa zafi yake yi ya mayar da ƙwayar rawaya, wadda ta wuce lokaci a gona kuma kakkaryewa take a injin casa.

Dawa ce za ta rufe maka shekara, wajen Nuwamba zuwa Disamba, kuma a nan kalmar girbi za ta dawo da ainihin ma'anarta. Kaura da farfara, wato ire-iren dawa, duk hanyarsu ɗaya ce da ta gero, sai dai an huta da fargabar ruwa, saura gara da dabbobi da gobarar daji. A sare ta ƙasa-ƙasa, don doguwar tushiya mai tsini tana huda ƙafa. Abu biyu ka kiyaye. Tohon da ke fitowa daga tushiyar dawa bayan girbi, wato gyauro, yana da guba yayin da yake ƙarami, yana iya kashe akuya ko saniya mai yunwa cikin ɗan lokaci, kada ka ɗaure dabba a wurin. Sannan tsutsar da ke huda kara a cikin busasshen karan take rani, ta fito da saukar ruwa ta shiga sabuwar shuka, don haka karan da ka tara a ci shi ko a yi aiki da shi kafin damina, kada a bar shi jingine a bakin gona.

Kafin kowace tsaba ta shiga buhu, gwada bushewarta. Cizo yana nuna wani abu, busasshiya ƙas take karyewa, amma gwajin gishiri ya fi. Sami kwalba busasshiya mai murfi, ka cika sulusinta da hatsin, ka zuba cokali biyu ko uku na gishirin da ka shanya ya bushe sarai, ka rufe ka girgiza minti ɗaya, ka ajiye minti 15, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a koma shanya. Wake da masara a zuba su a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin ciki su mutu don rashin iska. Kada ka yarda wani ya zuba maka maganin feshi a cikin wake. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma kafin Turawa, iyalinka ne za su fara ci.

Akwai haƙƙin zakka da ke rataye da wannan aiki, wanda aya ta 141 a Suratul An'am ta yi umarnin a bayar ranar girbi. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, shi ya sa za ka ga manoma na ware dami guda a kowane goma tun a gona. Na ban-ruwa da inji ɗaya cikin ashirin. Nisabin wusuƙi biyar ne, sa'i 300 na busasshiyar tsaba, kuma a mazhabar Malikiyya gero da dawa da shinkafa kowanne da lissafinsa, ba a haɗa su don cika nisabi. Ka zauna da malamin unguwarku da adadin buhunanka a hannu.

Game da jinga ta gaba, ka ambaci kowane aiki da sunansa tun kafin a sa hannu, a gaban shaida ɗaya ko biyu. In dawa ce, ka ce girbi da yankan kai da tarawa da ɗauri, sannan ku yi maganar dako zuwa gida daban, ku kuma faɗi wanda zai tara karan. In gyaɗa ce, cira da kifawa ciniki ɗaya ne, tsinka wani cinikin, kuma an fi biyan tsinka da awo, ba da yini ba. Roron wake ku shirya tun farko sau nawa za a shiga, kuma ko yankan harawa na ciki. Riɗi kuwa ka tabbata masu yankan su ne za su ɗaure su jingina a ranar, sauran kuɗinsu kuma ya zauna a hannunka har sai ka zagaya gonar ka ga ba a bar ɗauri ko ɗaya kwance a ƙasa ba.